Gansakuka a Cikin Dutse

Hajja Atika mai gyada ce a wata unguwar Hausawa ta Gadarif. Kakanninta sun taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, suka yada zango a bakin kogin Atbara, zangon da ya zama gida. A can aka haife ta, ubanta Adam masunci ne, aure ne ya kawo ta gari. Yanzu shekarunta sun haura sittin da biyar, mijin ya rasu, 'ya'ya sun watse, sai autanta Kassim da ke tuƙa boksi, motar nan mai buɗaɗɗen baya, yana kai 'yan ƙwadago gonakin dawa na Gadambaliya.

Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum, gari ya cika da baƙi. Hajja ta share ɗakin da take ajiye buhunan gyada, ta ba wani mutum mai suna Elfadil da matarsa Manahil da 'yan matansu biyu. An ce Manahil malama ce a can, ilimin duwatsu da ƙasa take koyarwa. Amma tun zuwanta ba wanda ya ji ta yi dariya. Ta dafa abinci, ta wanke kwanuka, ta koma ƙarƙashin rumfa ta zauna tana kallon katanga. Hajja ta yi ta jan ta da hira har ta gaji, ta ƙyale ta.

Wata rana da hantsi Hajja ta baza gyada a tabarma, ta danne kusurwoyin da duwatsu huɗu kamar kullum don kada iska ta naɗe ta. Manahil ta zo wucewa da bokitin ruwa, ruwan ya fantsama a kan ɗaya daga cikinsu. Ta yi taku biyu, ta tsaya, ta dawo. Ta ajiye bokitin, ta ɗauki dutsen ta ɗaga shi saitin rana.

"Hajja, a ina kika samo wannan?"

"Wanne? Af, wannan? Ai ya girme ki. Tun ina budurwa na tsinto shi a bakin kogi."

Dutsen bai kai ƙwan agwagwa ba. A bushe, fari ne dishi-dishi, ba wanda zai kalle shi sau biyu. Da ya jiƙe sai ya zama garau kamar ƙanƙara, a cikinsa ga wasu korayen zare sun yi rassa, sai ka ce gansakukar bakin rijiya ce aka kulle a ciki.

"Agig ne," in ji Manahil. "Irin wanda ake sa wa zobe da carbi. Amma wannan mai koren ciki, shekara goma ina koyar da shi, a hoto kawai nake nuna wa ɗalibai. Akwai wasu a can?"

Hajja ta yi dariya. "Wasu? 'Yata, da su muke 'yar carafke."

Ranar Manahil ba ta koma rumfa ba. Ta zauna a gefen tabarma tana ɓare gyada tana tambaya, Hajja na amsawa, har azahar ta yi ba su sani ba. Kafin la'asar magana ta riga ta zama ta tafiya.

Shirin ya ɗauki makonni, kuma tun farko Hajja ce ta riƙe ragamarsa. Manahil ta so a tafi a satin nan. Hajja ta ce a'a, damina ba ta gama sauka ba, kogi na cike, ƙasar Gadarif kuwa baƙar laka ce, mota ta shiga sai an jawo ta da tarakta. A bari ruwa ya ja baya ya bar tsakuwa a fili, a bari a yanke riɗi da dawa, Kassim ya samu sarari. Manahil ta rubuta jerin kaya a bayan wata takarda: guduma, kurfi, tabarau na kare ido. Ta karanta wa Hajja.

"Gudumar ta mece ce?"

"Ta fasa dutse."

"Soke ta. Kogi ya riga ya yi mana fashin, namu tsinta ne. Rubuta buta biyu."

"Ta alwala?"

"Har da alwalar. Amma dutsen nan ba ya nuna fuskarsa sai ya sha ruwa. In babu buta, da yawu za ki yi ta jiƙa shi har bakinki ya bushe."

Manahil ta soke guduma ta rubuta buta. Hajja ta ga hannun malamar yana rubuta maganarta, ta gyara zama, ta ƙara da cewa a nemi takalma masu rufi saboda kunama, a kuma isa wurin da safe, rana tana bayan mutum. In rana ta take tsaka, kowane dutse fari ne.

Labari ya zaga unguwa. Mata suka riƙa shigowa sayen gyada suna neman a nuna musu dutsen. Wasu suka ce Hajja ta tsufa ta koma wasan yara. Ita kuwa ta ɗauke duwatsun huɗu daga tabarma, ta wanke su, ta sa a kwanon sha mai murfi, ta nemo guntayen bulo ta danne gyadarta.

Kassim ne ya kawo cikas. Ya dawo daga gona wata Juma'a, aka zauna shan jabana bayan la'asar, Hajja na zuba kofi a ƙananan finjalai tana ba shi labarin inda za su: ƙasa kaɗan da garin da aka haife ta, inda kogi ya yi gwiwa, akwai wani faffadan tudun tsakuwa.

Kassim ya ajiye finjalinsa. "Inna, wane garin? Kin manta madatsar ruwa? Ai an tashi mutane tun shekarun baya."

"Na san an tashe su. Tudun nake faɗa, ba gidaje ba."

"Tudun ma yana ciki, Inna. Na bi ta can bara. Ruwa ne iyakar ganinka."

Elfadil ya buɗe taswira a wayarsa ya miƙo. Hajja ba ta iya karatu ba, amma ta san shuɗi ruwa ne. Inda ta nuna da yatsa, da inda aka binne ubanta, da inda suke wanki, duk shuɗi ne. Ta daɗe tana kallo. Rabonta da can tun rasuwar yayanta, kuma duk da ta ji labarin tashin, a ranta kogin yana nan yadda ta bar shi.

"Ba komai, Hajja," in ji Manahil a hankali. "Allah bai nufa ba."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari Hajja ta gan ta a ƙarƙashin rumfa, fuska ga katanga.

Abin ya dami Hajja. Kwana biyu tana suyar gyada a cikin yashi tana juya maganar. Ta yi alkawari a gaban mutane, ta tayar da matar nan daga zaune, yanzu kuma a ce ruwa ya cinye? A rana ta uku tana tankaɗe yashin suya sai ta tsaya cak, rariya a hannu. Ta tuna ba a ko'ina suke samun duwatsun ba. Sama da gari babu ko ɗaya, ko ka wuni kana nema. Daga bakin wani rafi suke farawa, rafin da ke gangarowa daga tuddai yana zuba a kogi da damina, da rani kuma ya bushe ƙaf. Ubanta yakan ce da shi Rafin Baƙin Dutse, yakan hana su shiga don duwatsunsa na yanka ƙafa.

Ta ajiye rariya ta nufi rumfa.

"Tashi. Ɗauko wayar mijinki. Duwatsun nan ba na kogi ba ne, baƙi ne kamar ku. Rafi ne ke kawo su."

Manahil ta ɗago. "Wane rafi?"

Hajja ta faɗa mata sunan. Manahil ta miƙe zaune. "Baƙin dutse? Mai ƙananan ramuka kamar soso?"

"Kamar an tsattsaga shi da tsinke."

"Hajja, ai a cikin ramukan nan ake haihuwar agig! Wutar ƙasa ce ta daskare ta zama baƙin dutsen, shi kuma ya taru a cikin kogunansa."

"To, ke kin san uwarsa, ni na san hanyar gidansu."

Suka duƙufa a kan wayar. Taswirar ta nuna rafuka har biyar suna shiga tafkin, ba mai suna. Hajja ta sa aka kira mata Asha, ƙawarta ta ƙuruciya, wadda ke zaune a sabon garin da aka mayar da su. Bayan gaisuwa mai tsawo da lissafin waɗanda suka mutu, Asha ta ce rafin na nan, ruwa ya haɗiye bakinsa kawai, makiyaya na bi ta samansa. Ta kwatanta hanya: a wuce sabon gari, a bar hasumiyar waya a hannun dama, a bi sawun shanu har a ga itatuwan aduwa uku a jere.

Suka tafi bayan girbi, wata Asabar, da sanyin safiya. Hajja a gaba kusa da Kassim, Manahil da Elfadil a baya tare da jarkokin ruwa da ƙullin kisra, wato wainar dawa mai faɗi. Sun biya sun ɗauki Asha, tsofaffin biyu suka rungume juna suna kuka suna zagin juna a kan wadda ta fi tsufa. Da suka hau wani tudu, tafkin ya bayyana a ƙasa, shimfiɗe, yana ƙyalli. Hajja ta ce a tsaya. Ta sauka, ta ɗaga hannu ta yi wa iyayenta addu'a, ta shafa, ta koma mota.

Rafin ya fi yadda ta tuna ƙanƙanta. Suka bazu a cikinsa, kowa kai a sunkuye. Sa'a guda ta wuce. Elfadil ya kawo farin dutse, Manahil ta jiƙa, ta girgiza kai. Ya kawo wani, haka. Kassim ya koma inuwar mota yana cewa da ya sani da ya ɗauki lodin dawa. Hajja ta ji shi. Gwiwoyinta na ciwo, amma ta ci gaba da tafiya tana dogara sanda, tana duban yadda rafin yake kwana.

Can ta tsaya. "Ku baro nan. Kuna nema a inda ruwa ke gudu. Mai gudu ba ya ajiye kaya. Ku zo cikin kwanar nan, inda yake rage sauri."

Ta juya wa rana baya, ta durƙusa da ƙyar, ta karkata kai kamar kaza na kallon shaho. Ta miƙa hannu ta ɗauki wani abu mai kamar busasshen dabino, ta zuba masa ruwan buta. Kore ya fito, rassa-rassa, har da ɗan ja a gefe guda.

Ba ta yi ihu ba. Ta miƙa wa Manahil kawai, ta ce, "Ga ƙanin na gida."

Manahil ta karɓa, ta ɗaga, ta kalla, sai ta fashe da dariya, dariya sosai har da riƙe ciki, hawaye na zuba. Elfadil ya tsaya yana kallon matarsa kamar yau ya fara ganinta. Asha ta rangaɗa guɗa. Kassim ya taso daga inuwa da gudu, ya karɓi buta ɗaya, bai sake zancen dawa ba.

Kafin rana ta take tsaka sun tara abin da ya kai rabin ƙwarya. Masu koren ciki goma sha ɗaya ne, sauran farare da ruwan zuma. Bakwai daga cikin sha ɗayan Hajja ce ta tsinta, kuma ta tabbatar kowa ya san haka. Manahil ta so a ƙara gaba. Hajja ta ce ya isa, a bar wa damina mai zuwa abin da za ta wanke, kuma ƙafarta ta ce a gaishe su.

A hanyar dawowa, a shingen da ke bakin gari, wani soja ya tsayar da su. Ya duba takardu, ya leƙa baya, ya ga ƙullin zane a cinyar Manahil.

"Mene ne a ciki?"

"Duwatsu," in ji Kassim.

Sojan ya kwance, ya gani, ya yi dariya. "Mutane na dawowa da dawa, ku kun ƙona mai kun ɗebo tsakuwa?"

Hajja ta leƙo ta taga. "Ɗana, miƙo ɗaya. Wancan, mai kamar dabino."

Ta tsiyaya masa ruwa, ta ce ya ɗaga saitin rana. Ya ɗaga. Dariyar ta tsaya. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya ƙwala wa abokin aikinsa kira ya zo ya ga ciyawa a cikin dutse.

"Wa ya san inda ake samun wannan?" ya tambaya, yana duban Elfadil mai tabarau.

"Ba ni ba," in ji Elfadil.

"Innata ce," in ji Kassim, yana gyara zama a bayan sitiyari. "Malamar jami'a ma ita ta bi."

Hajja ta miƙa tafin hannu, sojan ya ajiye mata dutsen a ciki da hannu biyu. Ta ƙulle shi a bakin mayafinta, ta ce wa Kassim ya ja mota, la'asar na wucewa.