Ambulan a Gwangwanin Shayi

Littafi goma sha tara Wilfrid Askew da matarsa Doreen suka rubuta tare, duk a kan wani likitan ƙauye da matarsa masu bankaɗo kisan kai a zamanin keken doki. Doreen ce ke zaɓar wanda ya yi kisan, ta rubuta sunansa, ta liƙe a ambulan, ta jefa cikin gwangwanin shayi. Ita ke shimfiɗa labarin, Wilfrid kuma ya sa wa likitan magana a baki, alhali shi Wilfrid ɗin kansa bai san hawa ba bai san sauka ba. Kafin babin ƙarshe sai ya faɗi wanda yake zargi, sannan su buɗe. Sau goma sha tara yana faɗa, sau goma sha tara yana shan ƙasa.

"Kai dai Wilf," in ji Doreen, "ko a gabanka aka zuba gubar, mai kawo madara za ka kama."

Saura babi ɗaya a littafi na ashirin ciwo ya ci ƙarfinta. Wata huɗu bayan jana'iza ambulan na nan a liƙe. Wilfrid ya koma shan shayin kwali, wanda a da yake kira ruwan wanki, don kada ya taɓa gwangwanin. Tsoro yake ji. In ya buɗe, ba sauran wata magana tata da bai ji ba.

Ranar Lahadi 'yarsu Philippa ta zo, ta dire gwangwanin a kan tebur.

"Baba, masu buga littafin sun dame ni. Ko ka buɗe, ko in ce musu babu littafi."

"Ba a buɗewa sai an faɗa."

"To faɗa mana."

Ya daɗe yana murza tabarau. "Matar limamin cocin ce."

Philippa ta yaga ambulan. "Ita ce! Baba, ka ci!"

Dariya ta ƙwace masa. Har ya juya ga kujerar Doreen ta bakin taga zai yi mata gori, sai ya ga matashi kawai a kai.

"Ni ma tun babi na huɗu na gano ta," in ji Philippa, tana share ido. "Sau uku Mama ta ambaci safar hannun matar nan."

Wilfrid ya daina dariya. Doreen ba ta taɓa maimaita alama ba, rowarta a nan ta yi suna. Ya jawo rubutun, ya buɗe babi na huɗu, ya duba kwanan watan da takan sa da fensir a sama. Makon da ta je asibiti ita kaɗai ne, ta dawo da biskit ɗin citta, ta ce masa likita ya ce ba komai, gajiya ce.

Ashe tun ranar ta san ciwon ba na tashi ba ne, ta shiga sauƙaƙa masa don ya ci ko sau ɗaya. Wata shida suna rubutu a tebur guda, tana ramewa a gabansa, shi kuwa yana ta neman mai safar hannu.

"Baba, ba ka yi murna ba?"

"A gabana aka zuba gubar," in ji shi. "Ban gani ba."