Kwamfuta ta Tara

"Kada ki kashe ta tara!"

Bu Tumirah, mai sayar da soyayyar ayaba, ta faɗo ɗakin kwamfutocin jami'a da takalminta, abin da ko shugaban jami'ar ba ya yi, hannunta duk man suyar ayaba.

Mbak Lastri, mai kula da na'urorin, ta ɗago kai. "Bu, takalmi!"

"Rabu da takalmi. Kin kashe?"

Ba ta kai gare ta ba tukuna. Da safen nan aka tarar da Pak Sarwoto, mai shara da riƙon makulli, a kujerar ta tara, kai a jingine, rai ya yi halinsa tun jiya da la'asar. Shekara ashirin bango ɗaya ne tsakaninsa da Tumirah, har tarinsa ta haddace. Mutum ne da ko gulma bai iya ba. Ka kawo masa labari da zafinsa, sai ya ce, "To."

Amma ta san sirrinsa, don tagar ɗakin kwamfutocin tana kallon kaskon suyarta. Kullum in ɗalibai sun watse sai ya gyara hula, ya danna jan maɓallin ɗaukar bidiyo yadda ya ga suna yi, ya yi ta zuba wa 'yarsa Ningsih hira. Tana aikatau a Taiwan, rabonta da kiransa tun da suka yi faɗa kan tafiyar. In ya gama ya kashe na'urorin, ya lulluɓe su da zane.

"Wata takwas yana tara mata magana a ciki," in ji Tumirah. "Fito mata da kayanta."

Lastri ta sunkuyar da kai. "Bu, waɗannan da an kashe su komai gogewa yake. Haka aka saita su saboda ɗalibai."

"Duka?"

"Duka. Sai dai ta jiya, tunda bai samu kashewa ba."

Tumirah, wadda bakinta bai taɓa mutuwa ba, ta nemi kujera ta zauna.

Lastri ta danna. Sai ga Pak Sarwoto a fuskar kwamfutar, hula a karkace.

"Ningsih, kin ci abinci? Mangwaronki ya yi 'ya'ya. Na hana kowa taɓawa, amma Tumirah sai sata take."

"Maƙaryaci," in ji Tumirah, tana share ido da bayan hannu. "Biyu kawai na tsinka."

"Ban yi fushi ba, 'yar nan. Jiya ma na faɗa miki. Ko ba ya isowa ne?"

Ya tsaya yana kallonsu, kamar mai jiran amsa.

Tumirah ta kwance bakin zaninta, ta miƙa wa Lastri 'yar takardar da ke da lambar Ningsih. Ba ta ɗaga ba sai da Lastri ta rantse mata saƙon ya tafi.

A bakin ƙofa takalman ɗalibai sun hargitse, yau babu mai jera su. Silifas ɗin Pak Sarwoto na gefe, suna fuskantar ciki. Ta durƙusa ta juya su suka kalli hanya.