Tukunya ta Biyu a Rumfar 'Yardada

A Kasuwar Kurmi, idan baƙo ya gama ciniki yunwa ta taso masa, ya tambayi inda zai ci abinci mai kyau, ba a wahalar da kai wajen yi masa kwatance. Sai a ce masa, "Shiga layin dukawa ka nemi Malam Gwadabe."

Jakunkuna da takalman fata Gwadabe yake sayarwa, sana'ar da ya gada wajen mahaifinsa, amma sanin abinci ne ya fito da sunansa. Ya san mai gurasar da ba ta rowar ƙuli-ƙuli a Jakara. Ya san mai tsiren da yake gasa naman ranar a Ƙofar Ruwa, ya kuma san wanda yake ɗumama na jiya. Ba ya tura mutum inda shi bai zauna ya ci da bakinsa ba. Wani baƙo daga kudu da ya zo sarin jakunkuna ya taɓa raɗa masa cewa giya mai sanyi yake nema. Gwadabe ya ce masa wannan kam ba a cikin ganuwa take ba, shi kuma bai san hanyarta ba. Ya ja hannunsa zuwa wajen mai kunun aya, mutumin ya sha har ya nemi ƙari.

Ya ba hamsin baya lokacin da ya soma ramewa. Ga ƙishirwa ba dare ba rana, ga kasala. Matarsa Hauwa ta tsare shi sai da ya je asibiti, aka gwada jininsa, likita ta ce ciwon suga ne.

"Baba, gurasa da waina da farar shinkafa da lemon kwalba, duk sai an ja baya da su sosai," in ji likitar.

"To me ya rage, likita?"

"Ganye ya rage. Wake ya rage, da acca, da kifi, da nama marar kitse. Kuma a riƙa cin daidai ciki."

A gida ba a sami matsala ba. Hauwa ta ɗaura ɗamara, ta yi ta gwaji har ta gano yadda za ta yi masa tuwon acca da miyar zogale mai shiga rai. Abincin rana ne ya zama aiki. Da safe yake ɗaukar kula ya tafi da ita kasuwa, kafin azahar tuwon ya sandare, miyar ta yi sanyi. Sai ya koma ƙuryar shago ya ci shi kaɗai, yana jin hayaniyar maƙwabtansa a waje sun kewaye tiren gurasa bandashe suna ta raha.

Baƙi ba su daina zuwa tambayarsa ba, shi ma bai daina yi musu kwatance ba, sai dai da tsohon sani yake yi. Ran nan wani ɗan kasuwa daga Zariya ya dawo ya ce masa, "Malam, wajen wainar nan da ka tura ni, ai ta yi tsami. An ce mai yin ta ta bar wa 'yarta tun kwanaki." Gwadabe ya ba shi haƙuri.

Da yamma abokinsa Ari ya leƙo. Ari turaren wuta da humra yake sayarwa a layin da ke bayan nasu. Kakanninsa daga Barno suka zo, amma shi da Gwadabe unguwa ɗaya suka tashi.

"Mutumina, ka haƙura mana," in ji Ari. "Ka ci zamaninka. Yanzu ka rungumi kularka, ka bar wa masu lafiya yawon cin abinci."

"Ari, birni guda kamar Kano, a ce babu inda mai suga zai zauna ya ci abincin rana da zafinsa cikin mutane? Ban yarda ba. Akwai shi, sai na nemo shi."

Daga nan al'amari ya juya, mai ba da kwatance ya koma mai neman kwatance. Wani ya ce masa akwai sabon gidan abinci a wajen ganuwa da suke yin abincin masu lalura. Ya hau adaidaita ya je. Aka kawo masa ɗan ganyen salak a faffaɗan faranti, an kwarara masa wani farin abu mai zaƙi, ga sanyin na'ura yana kaɗa shi. Ya fito da yunwarsa. Wani kuma ya rantse masa cewa ɗanwaken wata mata a Ƙofar Ruwa zallan wake ne. Loma ɗaya ya kai ya gane rogo da fulawa sun fi waken yawa, amma kunya ta hana shi ture kwanon, ya cinye. Washegari bai iya fita kasuwa ba. Da ya lallaɓa kemis aka gwada shi, mai kemis ɗin ya dube shi ya girgiza kai.

Hauwa ba ta ɓoye fushinta ba. "Malam, so kake ka kashe kanka a kan ɗanɗane? In nawa ne bai yi maka ba, ka faɗa mini."

"Naki ya fi na kowa, Hauwa. Kin yi gaskiya kuma, na daina cin abin da ban san yadda aka haɗa shi ba. Tunda babu wajen, sai a sa wata ta fara."

Wadda ya nufa ita ce Hajiya 'Yardada, wata dattijuwa a Dukawuya mai sayar da tuwo a rumfar da ke ƙofar gidanta. Duk cikin birni babu hannun da Gwadabe yake girmamawa a miya kamar nata, kuma shi ya tura mata rabin masu cin abincinta. Ya same ta tana kwashe tuwo, suka gaisa, ta yi masa jajen rashin lafiya. Sannan ya faɗa mata abin da ya kawo shi.

Ta ajiye mara ta dube shi. "Malam Gwadabe, abincin asibiti kake so in koma dafawa da tsufana?"

"Abincinki nake so, Hajiya, wanda jikina zai ɗauka."

"In ɗora tukunya guda saboda mutum guda? Ka san wahalar acca kuwa? Kafin ka rege ta ka raba ta da yashi, bayanka ya ƙage."

"In na kawo mutane fa?"

"Kawo su in gan su da idona, sannan mu yi magana."

Gwadabe ya ɗauka abin mai sauƙi ne, don ya sha haɗuwa da 'yan kasuwar a kemis suna miƙa yatsa ana gwada su. Ya fara da Alhaji Abdulƙadir mai yadi. Yana buɗe baki Alhaji ya haɗe rai.

"Wa ya ce maka ina da shi? Maganin mura na je saya. Ka kiyaye ni, Gwadabe."

Haka ya yi ta bi shago shago ana sallamarsa. Wani ya ce shi basir ne kawai yake damunsa. Wani ya ce kada a ja masa, yana neman aure. Gwadabe ya fahimci mutanen nan sun gwammace su ci abin da zai kwantar da su da a ce an san suna da ciwo.

Sai ya sake dabara. Ranar wata Laraba, ana idar da sallar la'asar a masallacin layinsu, mutane suna neman takalmansu, ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku ɗan saurare ni. Ni Gwadabe ina da ciwon suga. Ba sata na yi ba, ba kuma ni na ɗora wa kaina ba. Ina shan magani, ina kuma neman inda zan ci abincin rana da ba zai cuce ni ba. Hajiya 'Yardada ta ce za ta dafa in mun taru. Wanda yake so, ya san shagona."

Wasu suka yi dariya, wani ya ce Allah ya ba da lafiya, aka watse. Babu wanda ya tsaya. Gwadabe ya koma shago yana jin kamar ya tuɓe riga a tsakiyar kasuwa, amma bai yi da-na-sani ba.

Washegari da hantsi wani mai sayar da kayan yaji ya zo yana juya takalmi a hannu kamar mai saye. Ya daɗe yana taya abin da ba shi da niyyar saya, can ya yi ƙasa da murya ya ce, "Wai yaushe za a fara?" Bayansa wani tela ya zo, sai wani mai tasbaha. Kafin mako ya zagayo har Alhaji Abdulƙadir ya aiko a ce a sa da shi, wai don ya ba abin ƙarfi ne kawai. Na ƙarshen zuwa shi ne Ari. Ya zauna a kan benci yana wasa da hularsa.

"Ni ma tun bara aka faɗa mini," in ji shi. "Matata Falmata kaɗai ta sani."

"Kai da kake zama gaban tiren gurasa kullum?"

"To ya zan yi? In tashi a tambaye ni dalili?"

Gwadabe bai yi masa gori ba. Ya ce, "Gobe da azahar, tare za mu tafi."

Suka isa Dukawuya su da yawa har benci bai ishe su ba, aka shimfiɗa tabarma. 'Yardada ta cika alkawari, ta kawo tuwon acca da miyar zogale da zafinsu. Sai dai ta zare wa miyar komai. Ba mai, ba daddawa, gishirin ma sai an yi nema. Mutane suka yi ta tura loma da ƙyar. Da suka gama kowa ya ce alhamdulillahi, an gode Hajiya.

Ta juyo wajen Gwadabe. "Kai nake jira. Yaya ka ji?"

Ari ya taka masa ƙafa. Gwadabe ya janye ƙafarsa ya ce, "Hajiya, wannan ba hannunki ba ne. Ruwan zafi ne da ganye. In na ce ya yi daɗi na yi miki ƙarya, kuma gobe ba wanda zai dawo."

'Yardada ta miƙe tana gyara mayafi. "Ku kuka ce ba kwa son komai, na cire komai. Yanzu kuma a zo har ƙofar gidana a ci mini fuska? Ku tashi ku ba ni wuri. Na sauke tukunyar ke nan."

A hanyar komawa kowa ya hau shi da faɗa. Alhaji Abdulƙadir ya ce ya tona musu asiri a banza. Gwadabe ya bar su suka gama, ya ce, "Ku ba ni kwana biyu."

Da ya koma gida ya kwashe labarin duka ya faɗa wa Hauwa, har da abin da ya ce wa tsohuwar. Hauwa ta riƙe haɓa. "Malam, a gaban mutane? Ai ko ni ce sai na kore ku." Ta ɗan yi tunani, sannan ta ce, "Gobe ka raka ni."

Da safe suka tafi, Hauwa riƙe da ƙullin busasshen kifi da daddawa. Ta yi sallama ta shige cikin gida, shi kuwa ya zauna a dakali. Rana ta ɗaga, inuwa ta janye daga dakalin, bai motsa ba. Tun yana jin muryar 'Yardada sama-sama tana faɗa, har ya koma jin ƙarar turmi, daga baya ya ji dariyar mata biyu. Can ƙamshin daddawa da citta da tafarnuwa ya biyo ta zaure ya same shi.

Sai wajen azahar 'Yardada ta fito da kwano da kanta, ta dangwarar a gabansa. "Matarka ta fi ka iya magana. Ashe ba a hana ku daddawa da kifi ba, man ne kawai za a rage. Me ya hana ka faɗa tun farko?"

"Ban san yadda ake haɗawa ba, Hajiya. Ci kawai na iya. Ki yafe mini maganar jiya, wurin faɗarta ne ban iya zaɓa ba."

Ya wanke hannu ya kai loma. Zogalen ya dahu bai narke ba, kifin ya ratsa miyar, ga ɗan ɗacin gauta can ƙasa, irin wanda ita kaɗai ta san adadinsa. Ya ci gaba da ci har sai da ya ga bayan kwanon.

"Wannan ne hannunki," in ji shi.

Duk da haka bai yi gaggawar kiran kowa ba. Ya yi kwanaki yana zuwa shi kaɗai, yana ci, yana biyawa kemis a gwada shi, sai da hankalinsa ya kwanta sannan ya koma wa mutanensa. Ari ne ya fara biyo shi, sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. 'Yardada ta ƙara da faten wake da alayyahu ranar Litinin, da kwaɗon rama ga mai so. Wasu masu lafiya ƙalau ma suka koma cin na tukunya ta biyun, har ta kai ana rigima a kan wanda ya fi cancanta da kwanon ƙarshe.

Wata ranar Asabar Gwadabe yana wanke hannu bayan ya ci, 'Yardada ta tare shi.

"Malam Gwadabe, ka tara mini jama'a, ka bar ni da ciwon baya. Ni ba zan iya regen accar mutum goma sha wani abu ba kullum. Ko ka samo mini wankakkiya, ko in koma yi muku wake zalla."

"An ce akwai wata mata a Kasuwar Rimi da take kawo ta daga Jos, tas da ita ba yashi."

"An ce, ko ka gani?"

"Yanzu zan je in gani."

Ya juya wajen Ari, wanda bai gama suɗe kwanonsa ba, ya miƙa masa makullin shago ya ce ya duba masa wajen har la'asar. Ya sa takalmansa, ya fita bakin titi yana ɗaga wa mai adaidaita hannu.