Doki a Hannun Malam Mu'awiyya

Naja'atu ta tura sojan gaban sarkinta gida biyu, ta danna agogo. Malam Mu'awiyya bai ko tsaya tunani ba, ya amsa da Sisiliyan, buɗin wasan da aka san shi da shi a gasar ces, wato darar Turawa, tun gashinsa na baƙi.

Tun asuba ya hau babur daga Kebbe zuwa Tambuwal inda ake gasar, matarsa Batula tana bin sa har ƙofar gida da magiya, don tun ciwon hawan jinin bara yakan nemi sunan jikansa ya rasa. Ya ce mata suna daban, ces daban. In ya ci wannan wasa, makinsa zai kai ya wakilci jiha.

Ga shi kuma an haɗa shi da Naja'atu, wadda shi ya koya wa wasan a makarantar sakandare. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce, makinta ya wuce nasa.

Suka yi musayar sojoji a tsakiyar allo. Saura ya fito da dokinsa na ɓangaren sarki, abin da hannunsa ke yi ko yana hira. Ya ɗauki dokin, sai hannun ya tsaya a sama.

Ya dubi gidajen, fari da baƙi, duk iri ɗaya. Ya san abin da ke hannunsa doki ne. Inda yake sauka ne ya ɓace masa. A ƙa'ida kuwa, wanda ka taɓa shi za ka tura. Agogonsa na ci, gumi ya jiƙa masa hula.

Ya sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗiyata, ƙaƙa doki ka tafiya?"

Naja'atu ta yi murmushi, ta zaci tsokana ce. Da ta dubi idonsa, murmushin ya mutu.

"Malam, mu bar shi canjaras," ta ce. "Tashi in gwada jininka."

"Ban zo roƙo ba."

Alƙalin wasa ya matso, ya ɗora yatsa a leɓe. 'Yan sauran tebura suka fara waigowa.

Malam Mu'awiyya ya gyara zama, ya dafe haɓa kamar mai zurfin lissafi, dokin na cikin tafinsa. Naja'atu ta sunkuyar da kai. Haka suka zauna har lokacinsa ya ƙare a agogo, wasan ya zama nata.

A bakin ƙofa wani tsohon abokin wasansa ya tare shi, ya ce, "Wace dabara ce kake ta nema haka, Malam?"

"Sabuwa ce," in ji shi. "Ba ta nuna ba tukuna."