Saura Kwana Ɗaya

Dogo na cikin wanke jinin da ke bakin injin yanka katako sai shugaban leburori ya dafa kafaɗarsa.

"A gida ya yanke, ka ji ko? Yana gyaran ƙofar ɗakinsa."

Dogo bai ɗago ba. Wanda ya yanke ɗin mijin ƙanwarsa ne, Gajere, Dogo da kansa ya nema masa aikin. Yatsu uku suka tafi. Aka naɗe hannun da tsumma, aka fitar da shi ta ƙofar baya.

A ƙofar gaba kuwa akwai allo, kullum da safe ana sauya lambarsa da alli: kwana ɗari da casa'in da tara ba haɗari. In ya cika ɗari biyu, manaja ya yi alkawarin hutun kwana uku ga kowa. Saboda allon nan mai ƙuna ke ɓoye ƙunarsa, mai targaɗe ya cije ya taka daidai. Murfin da ke kare hannu daga bakin injin kuma Dogo ne ya kwance shi wata biyu da suka wuce, don yana rage sauri. Kowa ya gani, kowa ya kau da kai. Duk ranar da manaja ya ji, a ranar aikin Dogo zai ƙare.

Da la'asar ya je asibiti. Gajere ya yi yaƙe.

"Yaya, na huta. Yankan farce ya ragu."

Ƙanwar ba ta yi dariya ba.

"Sun ce in ce a gida ne. Yaya, wace ƙofa ce a gidanmu take cin yatsu?" Ta gyara wa mijin mayafi. "To mu namu ya faru. Gobe mijin wa za a tsayar a wurin?"

Dogo ya miƙe ya yi musu sallama.

Washegari aka jeru don taron safe na minti biyar. Manaja ya yi tambayar da ya saba.

"Akwai wanda ya ga abin gyara?"

"Lafiya lau!" suka amsa baki ɗaya.

Mai shara ya ɗauki alli ya nufi allo. Sai Dogo ya ɗaga hannu.

"Kai Dogo, ka yi wa Allah," in ji na kusa da shi ƙasa-ƙasa. "Yau ce fa ta ɗari biyu. Bakinka da ƙaiƙayi?"

Dogo ya dubi hannun nasa a sama, yatsu biyar cif. Bai sauke ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "a ba shi tsumma tukuna, ya goge lambar nan."