Suhaib Ya Kalli Arewa

Alhaji Rabo na unguwar Ƙurban a Madina ya yi shekara arba'in yana tuƙa mota tsakanin Madina da Makka, saboda haka ba mai koya masa alƙibla. Kudu take. A haka ya buɗi ido ya ga mutanen Madina suna salla, kuma bai ga dalilin da zai sa sauran duniya ta bambanta ba.

Sai ga autansa Suhaib, wanda kamfani ya ɗauke daga garin Yanbu na Saudiyya ya tura aiki Mozambik, ya kira ta bidiyo ana tsakar zafin Yuli, sanye da rigar sanyi. Wannan kaɗai ya ɓata wa tsohon rai. Ana cikin hira kuma Suhaib ya ce su can arewa suke kallo in za su yi salla.

"Arewa? Wata huɗu kana ba Ka'aba baya?"

"Abuya, wallahi ba haka..."

"Halas, magana ta ƙare! Ajiye musu aikinsu, ka dawo gida kafin Juma'a."

Shekara uku Suhaib ya yi yana neman aikin nan, kuma bai taɓa tsallake maganar ubansa ba. Uwarsa Hajiya Tasallah ta san zai ajiye. Sai ta kira 'yarsu Munirat, malamar makaranta a unguwar Al-Sih.

Munirat ta fito da kankana daga firiji, ta ce duniya ke nan, ta zana mata ɗamara a tsakiya, layin da ya raba arewa da kudu. Ta soka tsinken sakace sama da ɗamarar, ta ce Madina ke nan. Ta soka wani ɗan ƙasa da shi, Makka. Sannan ta gangara can ƙarƙashin ɗamarar ta ja wani layi ya zagaye kankanar.

"Abuya, daraja ashirin da huɗu kudu, ya'ni kamar tazarar Madina a arewa. Nan Namibiya, hamada. Nan Botsuwana, hamada."

"Hamadarmu ba ta ishe shi ba?"

"Nan Afirka ta Kudu, nan Mozambik," Munirat ta soka tsinke na uku, "ga Suhaib a bakin teku. Sai Madagaska, sai ruwa, sai Ostireliya, hamada. Sai ruwa kuma har Chile, inda akan shekara ba a ga ɗigon ruwan sama ba."

"Wannan hanya ko kyauta ba na ɗaukar fasinjanta," in ji Rabo.

Gaskiyar magana, tun da aka soka tsinken Suhaib, Rabo ya gane, direba ne ai. Kewar ɗansa ce ke cinsa tun ranar da ya raka shi filin jirgi, yau ya sami hujjar dawo da shi, ga kankana tana neman ƙwace masa ita. Ya tsuke fuska ya ce shi bai taɓa jin malamin da ya yi fatawa da kayan marmari ba.

Tasallah ta daɗe tana kallon tsinkayen. Ta ce, "Alhaji, ni ban yi boko ba. Amma in kai ka kalli kudu, shi ya kalli arewa, ai fuska da fuska kuke, sau biyar a yini. Da yana gidan nan, ƙeyarka kawai yake gani."

 Can Rabo ya jawo wayarsa, ya danna saƙon murya, ya gyara maƙogwaro sau biyu.

"Suhaib, zauna ka yi aikinka. Amma ka riƙa tsayuwa da kyau a salla. Ina ganinka."