Almakashi a Jakar Auta

Wanda ya daɗe a gaban na'urar duba kaya ba ya buƙatar ya tambayi fasinja inda za shi, jakarsa ce ke tona shi. Mai dawowa kayansa a sake suke. Wanda ya tafi ke nan kuwa, sai ka ga ya cusa abin da ba shi da amfani a hanya, amma zuciyarsa ta ƙi bari.

Ranar da safe ina wajen ƙofar da fasinjoji ke ratsawa, sai sabuwar ma'aikaciyarmu ta tsayar da wata jaka. Yarinya ce mai ƙoƙari, sai dai ko cokali ta gani sai ta kira ni.

"Anti, zo ki ga wannan. Ƙarfe ne dogo, na kasa gane kansa."

Kallo ɗaya na yi wa allon. "Almakashin tela ne, an naɗe shi a tsumma."

Har lanƙwasar da ke hannunsa na gane, don a gabana ya faɗi ƙasa ya lanƙwashe. Na marigayi mijina ne. A gefensa ga agogonsa, ga firam ɗin hoton da ke kan talabijin ɗinmu.

Na ɗaga kai. Autana ne tsaye, takalma a hannu. Cewa ya yi da ni kwas na 'yan kwanaki za shi, jirgin yamma, bayan na tashi aiki. Ashe ya zaɓi na safe ne don yana zaton ina aiki a ɗaya ɓangaren filin jirgin.

"Umma..."

"Wannan ba ya shiga jirgi a hannu, ka sani."

"Mantawa na yi, Umma. Ai ba daɗewa zan yi ba."

Ni zai yi wa wannan? Mai kwas ba ya ɗaukar hoton ubansa.

Doka tana bayana. In na ga dama sai in karɓe almakashin in koma da shi gida, ko ba komai yana da abin da zai dawo nema. Wallahi na yi wannan tunanin, kuma ban ji kunyarsa ba. Amma na san wata hanyar da sabuwar ma'aikaciyar ba ta sani ba tukuna. Na kira wajen awon kaya, na tarar ba su rufe ba, na roƙa a saka jakar cikin manyan kaya.

"Yi sauri ka kai. Ka dawo ta nan, ba sai ka bi layi ba."

Da ya dawo ya durƙusa a gabana, idonsa ya yi ja. Na ce, "Tashi, mutane na jira. Allah Ya tsare. Ka riƙa sa wa almakashin mai, yana saurin tsatsa."

Ya ratsa ƙofar, ba ta yi ƙara ba. Ba ni da sauran dalilin tsayar da shi.